Injin Gwaggo da Kunnen Baba Isuwa

In ka shiga Badariya ka tambayi gidan Isuwa, za a ce maka wane Isuwa. Ka ce mai Fijo, ko akuyar unguwar ta isa ta raka ka. Garejinsa a ƙofar gidansa yake, ƙarƙashin wani dogon-yaro da ya sha baƙin mai har ƙasar gindinsa ta daina fitar da ciyawa. Mutum ne gajere, ƙaƙƙarfa, mai furfura a gira. Ban taɓa ganin farcensa fari ba, ko ranar Kirsimeti.

Daga kudancin Kaduna ya zo, tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, yana gyara motocin wani kamfanin gina hanya. Da aiki ya ƙare kamfanin ya kwashe kayansa, abokan aikinsa duk suka bi. Shi ya zauna, don matarsa Paulina ta riga ta shuka zogale a bayan ɗaki, ta kuma rantse ba ta sake ɗaure kaya. A nan suka haifi Juliet da Nelson, a nan suka aurar da su. Hausarsu ta zama wani irin gauraye, rabi ta can gida rabi ta Kabi, har in Baba Isuwa ya yi fushi ba ka sanin da wace zai zage ka.

Abin da ya sa aka san shi kunnensa ne. Wasu makanikai sai sun warware rabin inji kafin su gano ciwo. Shi doguwar sukudireba yake ɗauka, ya kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Can sai ya miƙe ya faɗi abin da ke damun motar, kuma haka za a tarar. Yana zaune a inuwa zai ce wane ne ke tafe tun motar ba ta shawo kwana ba. Muna yara mun ɗauka aljanu gare shi.

Ni sunana Nazifa, ɗinki nake yi a unguwar Gesse. Mahaifina Malam Abu manomin shinkafa ne a Ambursa, kuma shi ne mai Gwaggo. Gwaggo ba mutum ba ce, wata tsohuwar Fijo 404 ce a-kori-kura, fara ce a da, yanzu kuwa launinta sai wanda ya gani. Mu muka sa mata sunan, don tana da mita da safe kuma ba ta son a hanzarta ta. Ita ta haɗa Baba da Baba Isuwa. Wata rana ta mutu a hanya da lodin albasa, rana tana dukan kayan, Isuwa ya zo wucewa a kan keke ya tsaya ba a kira shi ba. Tun daga ranar babu hannun da ya sake buɗe bonet ɗinta sai nasa. Ita ta ɗauko shinkafarmu daga fadama shekara da shekaru, ita ta kai mahaifiyata asibiti haihuwar autarmu Sakinatu, ita kuma ta kai gawarta makwanci. Da Sakinatu ta yi aure a Argungu, a bayan Gwaggo aka ɗaure gadonta.

Sai abubuwa biyu suka zo kusan tare. Injin Gwaggo ya buga a kan hanyar fadama, bugun da ba a tashi. Ba a daɗe ba Baba ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya samu sauƙi, yana jan ƙafa da sanda, magana tana fita a hankali. Amma ya daina fita ko ƙofar gida. Kujera ake sa masa a zaure yana kallon Gwaggo a gindin mangwaro, damina ta wuce a kanta, wata ta sake wucewa. Kaji suka mayar da kujerar direba wurin ƙwai.

Yayana Abbas, wanda noman ya koma hannunsa, ba mugu ba ne, amma ba ya son ganin abu yana zaune ba aiki. Ya kawo masu sayen tsohon ƙarfe suka zagaya ta suna ƙwanƙwasawa.

"Baba, wagga mota ta gama aikinta," in ji shi. "Ƙarhe na kawai. Mi za a yi da ita?"

Baba bai dube shi ba. "Sakinatu na da ciki. In ta sauka, Gwaggo ka kai ni Argungu. In ba ita ba, ku tahi ku gaishe su, ni ina nan."

Mun san halinsa. In ya ce ba ya zuwa, ko sarki ya aiko ba ya zuwa. Likita kuma ya sha gaya mana zaman nan na zaure shi ke ƙara kashe masa jiki. Ni na je Badariya na kai ƙara. Baba Isuwa ya zo da igiya da motar wani, ya kori kajin da hularsa, ya durƙusa gaban amininsa.

"Malam Abu, mota ba ta mutuwa sai an bar ta. Ni zan kai ka."

"Ka bar mata wani abu nata," in ji Baba. "Kak ka ɗebe mata komi da komi."

"Zan bar mata."

Injin irin nata mai rai ya gagara samuwa, har Sakkwato aka je. Wanda aka samu duk ya fi nata mutuwa. Daga ƙarshe Baba Isuwa ya haƙura ya ɗauko wani injin Japan na hannu, mai silinda huɗu kamar nata. Ranar da aka sauke shi ya daɗe yana zagaya shi yana tsaki, kamar an kawo masa surukin da bai zaɓa ba. Ya yanke mazaunin inji ya yi sabuwar walda, ya haɗa shi da giya, ya matsar da lagireto, ya lanƙwasa salansa ta koma ɗaya gefen. Daga tsohon injin kuwa ya cire wayoyin fulogi huɗu, ya goge su, ya gyara bakinsu suka shiga sabon. Alkawarin da ya yi wa Baba ke nan.

Ana cikin haka Sakinatu ta haihu, namiji, mijinta kuma ya aiko cewa sunan Baba za a sa. Daga nan na rufe shago na tare a gidan Mama Paulina da rana, wai ina taya ta tsinken zogale, alhali motar nake gadi.

Ranar da za a fara tayar da ita maƙwabta suka taru. Baba Isuwa ya shiga ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, sai salansa ta saki wata ƙara kamar bindigar mafarauta. Mai shayin tsallaken titi ya zubar da butarsa, ni kuwa na tsinci kaina a bayan Mama Paulina ban san lokacin da na je ba. Ya sake murzawa, ta sake harbawa, har da wuta ta kafireta. Ya fito ya tsaya yana kallon wayoyin, yana bin su da yatsa. Sai ya fashe da dariya ya dafe kai.

"Sabo turken wawa! Hannuna ne ya yi lissafin Fijo."

A nan na koyi abin da ban nema ba. Kowace silinda tana da fuloginta, kowane fulogi yana da wayar da ke kawo masa wuta daga distiributa, kuma wutar bi da bi take zuwa. Fijo daga baya ake ƙirga silindarta, ta wajen giya. Injin Japan kuwa daga gaba ake farawa. Mutumin da ya tsufa a cikin Fijo ya kai wayar farko inda ya saba kai ta, wuta tana zuwa lokacin da ba a shirya mata ba. Ya sauya wayoyin, ya murza, Gwaggo ta tashi. Yara suka yi ihu. Ya dafa bonet yana murmushi, ya ce ta yi daidai.

Amma ba ta yi daidai ba. Da ta yi zafi sai ta fara ɗingishi. Tana tafiya lafiya sai ta yi kamar an riƙe mata numfashi, ta saki, ta sake riƙewa. Makanikai suna kiran abin misin. Ni da ban san komai ba na ji shi, mai shayi ya ji shi. Baba Isuwa yana tsaye kusa da ita fiye da kowa, yana ta murmushi. Sai da ya fita gwaji wajen Ambursa, ya taka totur ta fara fizga tana rasa ƙarfi, sannan ya ji a jikinsa. Ya dawo fuskarsa ba daɗi.

A ranar na haɗa abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba. Yadda yake kallon bakin mutum in ana magana. Yadda yake amsa komai da "to, to". Ranar da wata maƙwabciya ta ce masa tunkiyarta ta mutu ya ce madalla. Doguwar sukudirebar nan ma tana rataye a jikin bishiya, ta yi tsatsa. Shekarun guduma da ƙarar salansa sun cinye kunnen da garin nan ke alfahari da shi, shi kuma yana ɓoyewa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Ya shiga yin abin da ya saba yi wa wasu dariya a kai, wato canza kaya da ka. Ya sa sabbin fulogi, ba ta daina ba. Ya canza koyil, ya wanke kafireta, ya zubar da man tanki ya zuba sabo. Ya taɓa distiributa gaba ya taɓa baya. Duk lokacin da ya gama sai ya tayar da ita ya dafa bonet, ya saci kallon fuskokinmu don ya karanta amsa. Wayoyin nan huɗu kuwa ya dube su ta sama ya ga lafiya lau, bai ƙara bi ta kansu ba.

Abbas ya zo ana gobe suna, ya saurara, ya ja ni gefe. "Tsohon ga ya gaji, Nazifa. A kai ta wurin wani, ko in ɗauko mota haya mu ɗauki Baba ko shina so ko ba shi so."

Na kira Baba a waya na gaya masa. Ya daɗe kafin maganar ta fito. "Isuwa yas san ta. In ya kasa, ta kasu."

Abbas ya buga babur ɗinsa ya tafi. Maƙwabta ma zafin rana ya kore su. Baba Isuwa ya zauna a kan tsohuwar taya, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Na san abin da ke ransa. Gobe amininsa zai sa babbar riga ya zauna a zaure yana jira, shi kuma ba shi da abin da zai je ya ce masa.

Sai Mama Paulina ta fito da kwanon abinci. Ita mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, amma duk wanda ya taɓa wucewa ta cocinsu ranar Lahadi ya ji hannunta, don ita ke buga tulun kiɗa a zumuntar mata tun kafin a haife ni. A rayuwata ban taɓa ganin ta sa baki a harkar gareji ba. Ta ajiye kwanon, ta zagayo ta tsaya a gabansa daidai inda zai ga bakinta.

"Baban Juliet, tayar da ita."

"Na tayar har na gaji."

"Tayar da ita, na ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya dube ta, ya dube ni, ya tashi. Da injin ya kama, ta jawo wata jarka da babu komai a ciki, ta zauna a kan benci ta kafa ta tsakanin gwiwoyinta. Ta karkatar da kai tana saurare. Sai ta fara bugawa da tafin hannu, a hankali, tana bin injin. Da ya yi zafi ya fara ɗingishinsa, duk inda ya faɗi sai hannunta ya tsaya a sama, ya dawo ta dawo. Baba Isuwa ya tsaya yana kallon hannun. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa.

"Ɗaya ne ke faɗuwa," in ji shi. "Ba mai ba ne. Wuta ne."

Ya naɗe hannunsa da tsumma ya koma kan injin. "Zan cire su ɗaya ɗaya. Ki gaya mani in kiɗan ya canza."

Ya cire wayar farko, injin ya girgiza kamar zai mutu, ta ɗaga kai da ƙarfi alamar kiɗan ya canza. Ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya cire ta uku sai ta yamutsa fuska ta juya tafin hannu.

"Wannan da shi da babu kusan ɗaya ne. Mayar da shi." Ya mayar. Ta ajiye jarkar ta matso, ta sunkuya, ɗankwalinta yana kusa da taɓa ƙarfe. "Akwai wani abu kuma. Tas, tas, tas, kamar gero a kasko. Duk lokacin da ya yi, kiɗan yana faɗuwa. Ta nan ƙasa yake."

Ya kashe injin. Ya bi wayar ta uku da yatsa har inda ta lanƙwasa, ya juyo cikinta. A tsohon injin babu abin da ke wurin. A sabon kuwa bututun salansa ya dawo ta gefen, wayar tana kwance dab da shi. Zafi ya gasa tsohuwar robar ta ƙasa ta tsage, tsagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. In inji ya yi zafi sai ta buɗe, wutar ta tsallaka jikin ƙarfe maimakon ta je fulogi. Ƙaramar ƙara ce, irin wadda a da zai ji daga cikin ɗaki.

Ya daɗe yana riƙe da wayar. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tun yaushe kika sani?"

Ta sa yatsa ta ɗago haɓarsa don ya ga bakinta. "Tun daminar da ruwa ya fara sauka a kan kwano ba ka tashi rufe injuna ba. Wa kake tsammani yake rufe su?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba? Ci abincinka ya huce."

Na juya na shiga gida, wai zan ɗebo ruwa. Hawaye ne suka hana ni tsayawa, kuma ba na son tsofaffin nan su gani su mayar da ni abin tsokana.

Waya ɗaya kawai ya canza. Sauran ukun ya ɗaure su nesa da zafi, don Gwaggo ta tafi da abinta kamar yadda Baba ya roƙa. Ya tayar da ita, ya bar ta ta yi zafi sosai, bai dafa bonet ba, bai kalli kowa ba sai hannun matarsa. Hannun bai tsaya ba.

Da safe muka isa Ambursa. Baba yana zaure cikin farar babbar riga, ya yi wanka tun asuba. Da ya ji ƙarar ya ɗaga kai. "Muryarta ta sake," in ji shi, "amma ita ta." Abbas da kansa ya ɗauke shi ya sa a gaba, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi, yana ta sunkuyar da kai. Ni da Mama Paulina muka hau baya kan buhunan shinkafar suna. An yi shiri, in ta ji wani abu za ta buga rufin motar da hannu, shi zai ji a jikinsa.

Lokacin kaka ne, fadama ta yi ruwan zinariya, masu yanka suna ɗagowa suna ɗaga mana lauje, don babu wanda bai san Gwaggo ba a hanyar nan. Ta tagar baya ina ganin Baba ya fitar da hannunsa mai lafiya yana amsa gaisuwa. Mama Paulina ba ta kalli komai ba. Ta jingina da ƙarfe, ido a rufe, tafin hannunta a kan rufi, har muka shiga Argungu ba ta buga ba.

Aka ɗora wa Baba takwaransa a cinya, ya tofa masa addu'a, ya yi kuka bai ɓoye ba. Ya ci abinci fiye da yadda na ga ya ci tun faɗuwarsa, har ya yi wa mijin Sakinatu faɗa a kan irin shinkafar da ya shuka. Da zai shiga mota ya kama hannun Baba Isuwa, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa, ya ɗaga murya yadda duk unguwar ta ji. "Na san ba ka ji, Isuwa! Ni kuma ba ni tahiya! Mu yi ta lallaɓawa!" Ashe shi ma ya daɗe da sani.

A hanyar dawowa muka tsaya bakin fadama don Baba ya yi la'asar. Abbas, da ya biyo mu a babur, ya taimaka masa da alwala. Mama Paulina tana zaune a bakin bodin motar, ƙafafunta suna lilo, tana rera wata waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Baba Isuwa ya gama duba lagireto ya zagayo yana goge hannu. Ya ga bakinta yana motsi. Ya tsaya.

"Waƙa kike yi?"

Ta ɗaga kai.

"Na daɗe ban ji ba," in ji shi.

Ya matso, ya goge tafin hannunsa a wando har sau biyu, ya ɗora shi a bayanta tsakanin kafaɗu, yadda yake dafa bonet. Ya rufe ido. Ta ci gaba da waƙar, ta ɗan ƙara murya. Ni na yi kamar ina gyara ɗaurin buhu.

Da ta kai ƙarshe ya buɗe ido. "Babu misin," in ji shi.

"Ni mota ce?" in ji ta, ta kai hannu kamar za ta ture nasa. Amma ba ta ture ba. Ta riƙe shi a wurin, ta sake ɗauko waƙar daga farko.